Inda Ya Ajiye Kyamara

Dariyar farko da ta tashi a zauren silimar har da tawa a ciki. Ta biyun ce ta maƙale min a wuya.

Keke ne ya fito a allon. Shuɗi, tsoho, an rataye shi a ƙarƙashin rumfar kwano, an ɗaure ƙararrawarsa da jan ƙyalle. Wata mata ta fito daga ɗaki da tsumma da ɗan kaskon man kaɗe, ta durƙusa ta hau goge shi. Sai aka saki wata sarewar zolaya, irin wadda ake sa wa mashayi idan ya fito yana tangaɗi, zauren nan gaba ɗaya ya kece da dariya.

Ni kuwa na san keken. Na san jan ƙyallen. Tun ina 'yar shekara shida nake ganin Mma tana goge shi duk ranar Juma'a.

Lassina ya matse hannuna, ya kawo bakinsa kusa da kunnena.

"Rakie, zuciyata... kin ji yadda suke dariya?"

Na ji mana. Mutum ɗari biyar na yi wa uwata dariya da ƙarfe huɗu na yamma, ni kuma ina zaune a sahun gaba sanye da saƙi iri ɗaya da na wanda ya tara su, saura mako uku a ɗaura mana aure.

Sunana Rakieta Tapsoba, kuma kallon fim shi ne sana'ata. Duk Litinin da hantsi nakan zauna a wani ƙaramin gidan rediyo a nan Wagadugu, in ɗauki fim guda in warware wa mutane shi da yarenmu na Mosi: me ya sa aka nuno ƙafar mutumin nan kafin fuskarsa, me ya sa kiɗa ya ɗauke a daidai wurin nan, wa ake so ka tausaya wa, wa ake so ka raina. Masu sayar da latas da masu faci duk sun haddace maganata, har tsokanata suke yi da ita a hanya: ku bar abin da 'yan wasa ke faɗa, ku duba inda aka ajiye kyamara, nan idon mai fim yake, nan zuciyarsa take.

A shirin nan na haɗu da Lassina Pare. Waya ya bugo ana tsakiyar shiri, ya ce wai wa ya ba baiwarsa izinin yin magana a rediyo. Da jin haka na san ɗan Samo ne, don tsakaninmu da su wasa ne tun kaka da kakanni: su zage mu, mu zage su, kuma abin kunya ne babba ɗaya ya yi fushi da ɗaya. Na ce masa ya fara maido da ƙwaryar zomkom ɗin da kakansa ya sata, ruwan geron nan da 'yan Samo ke sayar da mutuncinsu a kansa, sannan ya zo mu yi maganar fim. Washegari sai ga shi a ƙofar gidan rediyon da ƙwarya cike, yana dariya, duk ta zube masa a wando saboda gargadar hanya.

Daga ranar na faɗa, kuma faɗawa ba ta wasa ba. Shekara biyu yana goya ni a babur daga wannan silima zuwa waccan, muna musu a kan fina-finai har maƙogwaro ya bushe. Bai taɓa kirana da cikakken sunana ba, daga "zuciyata" sai "baiwata", ni kuma in ce masa ɓarawon zomkom.

Kawu Tasere, yayan Mma, shi ne ya ƙi abin tun farko. Ya ce mai fim fuskar mutane yake sayarwa. Ranar da dangin Lassina suka kawo goron gaisuwa sai da Mma ta roƙe shi kafin ya fito tsakar gida, kuma bayan sun tafi ya kira ni ya yi min tambaya guda.

"Mutumin da al'ada ta hana ki fushi da shi, ranar da ya cuce ki, wa za ki kai wa ƙara?"

Na yi dariya a ranar. Na ce Kawu ya cika tsoro.

Abin da ke gidanmu kuwa mutum uku ne kawai suka san shi: Mma, Kawu, sai ni. Duk unguwar Tangin an san ubana Hamado ya rasu a gonakin koko na Kwaddibuwa shekara ashirin da suka wuce. An yi zaman makoki, an yi sadakar bakwai da ta arba'in, Mma ta yi takaba cikakkiya. Amma bai mutu ba. Wasiƙa ya aiko, Kawu ya karanta wa Mma tunda ita ba ta karatu: ya yi aure a can, ba zai dawo ba, kada a jira shi. Mma ta cusa takardar a murhu, ta fito ta ce wa unguwa mijinta ya rasu. Ta gwammace a ce mata matar mamaci da a riƙa nuna ta ana cewa ga wadda aka gudu aka bari. Keken da ya bari shi ne take gogewa, ban kuma taɓa tambayarta dalili ba.

Mutum na huɗu ni na ƙara shi da bakina. Wata ranar Lahadi da la'asar, a bakin madatsar ruwa inda mata ke noman latas, Lassina ya ce shi ba ya son mu shiga ɗaki ɗaya da wani abu a ɓoye tsakaninmu. Na juya wa ruwan baya, na fuskance shi, na faɗa masa komai ina kuka har ina shessheƙa. Ya riƙe hannuwana biyu, ya yi shiru, ya ƙura ido. Na ce a raina, Allah ya ba ni miji mai saurare.

To ga shi yanzu a allo. Makokin Mai Rai, haka ya sa wa fim ɗin suna. Wata takwas yana ɓoye min shi, wai kyautar aurena ce, ba zan gani ba sai ranar buɗewa. Mace ta ƙona wasiƙa, an yi dariya. Maƙwabta na cin shinkafar sadaka, aka yanko mijin yana tiƙar rawa a kudu, an yi dariya har da tafi. Can kusa da ƙarshe sai ga 'yar matar zaune a bakin madatsar ruwa, ta juya wa ruwan baya, tana faɗa wa saurayinta asirin gidansu. Kalmomina ne, ɗaya bayan ɗaya, har da inda na tsaya na share hanci da gefen ɗankwali.

Ban san yadda aka yi na fito ba. Na dai tsinci kaina a wajen ajiye babura ina ta kokawa da makulli. Lassina ya biyo ni da gudu, mutane na ta ja masa riga suna yi masa barka.

Na tambaye shi abu ɗaya, ko ya manta cewa amana na ba shi. Ya ce ai ya canja sunaye, ya canja gari, babu wanda zai gane. Na ce keken fa? Jan ƙyallen fa? Akwai wanda ya taɓa shiga gidanmu bai ga keken nan ba? Sai ya yi murmushin nan nasa da ya saba kashe min jiki da shi.

"Haba baiwata... ɗan Samo ne ya tsokani Mosawa. Wasa ne fa. Ko za ki zama ta farko a tarihi da ta yi fushi da ubangidanta?"

Kafin in buɗe baki sai ga Nadej. Ita ce mai yanka hotuna tana haɗa masa fim, doguwa mai dogon farce, wadda tun ranar da aka kai gorona ta daina amsa gaisuwata. Ta dafa kafaɗarsa kamar kayanta, ta ce manyan baƙi na jiransa a ciki. Sannan ta dube ni sama da ƙasa, ta ce tana fata malamar sharhi za ta yi musu adalci ranar Litinin. Har ta juya ta ƙara da cewa, af, ko Lassina ya faɗa min ranar Asabar za a haska fim ɗin kyauta a filin makarantar Tangin? Ita ta ba da shawara, wai don surukai su ma su gani.

Tangin... ƙofar gidanmu.

Na dubi Lassina. Ya sunkuyar da kai.

Kwana biyu ban ci abin kirki ba. Mma ta tuƙa tuwo da miyar yakuwa, ta zauna tana kallona ina juya loma, ta ce in dai zullumin aure ne kowa ma ya yi shi. Na kasa haɗa ido da ita. Matar nan ta shekara ashirin tana tafe da kanta a sama, an sa ta shugabar matan unguwa, in an yi rasuwa ita ake kira ta zauna da mai takaba ta ba ta haƙuri. Ranar Asabar duk wannan zai rushe a gaban yara da manya, kuma ni na miƙa gatarin.

A rana ta uku na yi abin da na iya. Akwai faifan da ake ba mu 'yan sharhi, na shiga ɗakin aiki na rufe ƙofa, na ce yau ba 'yar Mma Zalisa ce za ta kalli fim ɗin nan ba, Rakieta ta rediyo ce. Na kalla sau ɗaya ina kuka. Na kalla na biyu da biro a hannu. A na uku na kashe sautin gaba ɗaya, a nan ne na ga abin.

Da aka cire sarewar, wurin goge keken ba abin dariya ba ne ko kaɗan. An ajiye kyamarar a ƙasa, daidai tsayin matar da ke durƙushe, ba daga sama ake leƙo ta ba. Wanda ke son a raina mutum daga sama yake ɗaukarsa. Sannan inuwar rumfar tana tsalle: yanzu tana kan tayar gaba, ƙiftawar ido ta koma kan sirdi. Ma'ana hoton dogo ne aka ɗauka a tashi ɗaya, wani ya zo daga baya ya daddatsa shi, ya cusa fuskokin maƙwabta masu gwalo a tsakani. Hannu biyu ne a fim ɗin nan. Ɗaya ya ɗauki matar da girmamawa, ɗayan ya mai da ita abin wasa.

Wallahi sai da na ji wani sanyi a ƙirjina. Na ce ashe ba shi ba ne, ashe Nadej ce. Haka so yake mai da mutum, kana neman wa wanda ya soke ka uzuri tun jinin bai tsaya ba.

Na hau babur na nufi ɗakin da suke haɗa fim, na same su su biyu. Na zayyana musu abin da na gani, inuwa da komai. Nadej ba ta ko musa ba. Ta ci gaba da goge farcenta, ta ce hoton minti uku ne na tsohuwa tana shafa ƙarfe, wa zai zauna kallon wannan? Ita ta ce a datsa, ita ta kawo mai sarewa. Amma ta ce in tambayi angon nawa wa ya zauna a kujerar nan ya kalli duka biyun ya zaɓa.

Na juya gare shi. Ya daɗe yana murza hularsa kafin ya yi magana. Ya ce bikin fina-finai na tafe, ya ce shekara bakwai yana fim babu wanda ya san sunansa, ya ce da suka gwada na dariyar a gaban mutane goma sai da ɗaya ya faɗo daga kujera.

"Na zaɓa, Rakie. Ni na zaɓa... amma wasa ne, kowa ya san wasa ne."

A nan ne raina ya gama ɓaci, na ce masa abin da na kwana uku ina taunawa.

"Wasan da kakanninmu suka bar mana, ido da ido ake yin sa. Ka zage ni, in rama, mu sha ruwa a ƙwarya ɗaya. Mma da me za ta rama? Tana da kyamara ne?"

Na ce a fasa haskawar Asabar. Ya ce an riga an yi shela, an gayyaci mai unguwa, ba ta fasuwa. Sai ya durƙusa a gaban Nadej da kowa, ya kama gefen zanina, ya ce in ba shi kwana biyu zai maido da hoton yadda ya ɗauke shi, ya cire sarewar, ya cire gwalon, ko da hakan zai sa ya rasa kyautar bikin fina-finan. Nadej ta ɗauki jakarta ta ce in ya taɓa aikinta kada ya sake nemanta. Bai ko kalle ta ba, ta fita ta bugo ƙofa.

Ban ce na yafe ba, ban ce ban yafe ba. Na koma gida na yi abin da ya fi komai wuya: na durƙusa a gaban Mma na faɗa mata cewa na fitar da maganar, kuma jibi za a haska ta a filin makaranta.

Tana tsince wake ne a faranti. Hannunta ya tsaya. Ta tambaye ni ko keken ma yana ciki. Na ce yana ciki. Ta gyaɗa kai ta ci gaba da tsintar wakenta, ni kuwa da ta ɗauki muciya ta rufe ni da duka da ya fi min sauƙi.

Kawu Tasere da ya ji, sai da ya ɗauko sandarsa. Ya tafi wajen dattawan unguwa ya ce a hana. Da yake ba zai iya faɗa musu ainihin dalilin ba, sai ya ce yaron ya ci mutuncin Mosawa a fim. Suka yi ta dariya har da riƙe ciki, suka ce Tasere tsufa ya fara taɓa shi, yaushe aka taɓa kai ƙarar ɗan Samo don ya zagi Mosi? Ya dawo ya zauna a ƙofar gida yana huci, bai ko dube ni ba. Tambayar da ya yi min ranar goro ta dawo min.

Na roƙi Mma mu tafi ƙauye mu kwana biyu. Ta ce ita ba ta gudu ba shekara ashirin da suka wuce, ba yanzu za ta fara ba. Ranar Asabar ana idar da sallar magariba ta ɗaura saƙinta mafi kyau, ta ɗauki kujerarta 'yar tsugunne, ta ce in wuce mu tafi.

Filin ya cika maƙil. An ɗaure farin ƙyalle a jikin bangon aji, masu gyaɗa da masu ɗanwake sun kewaye wurin. Mma ta ratsa mutane ta dasa kujerarta a gaba, kusa da tsohuwa Poko, maƙwabciyarmu ta jikin katanga, wadda bakinta ba ya ajiye magana ko ta minti ɗaya. Na ce shi ke nan, gobe har kasuwa.

Aka fara. An yi dariya a farko, wurin da wani ɗan Samo mai gyaran rediyo ke zagin masu unguwa. Sannan wasiƙa ta zo, matar ta cusa ta a murhu, dariyar ta fara raguwa. Sai keken ya fito.

Babu sarewa. Babu kiɗan komai. Minti uku cur mace na durƙushe tana bin ƙarfe da tsumma, waya bayan waya, kana jin numfashinta da kukan kaji a bayan gida. Da ta gama ta kai yatsa kan ƙararrawar kamar za ta kaɗa, sai ta fasa, ta gyara ɗaurin jan ƙyallen. Filin nan ya yi tsit, mutum ɗaya bai waiwayo ya kalli Mma ba, kuma rashin waiwayen ne ya tabbatar min kowa ya gane.

Na saci kallonta. Bayanta a miƙe, hawaye na bin kuncinta, ba ta share ba. Sai na ga hannun tsohuwa Poko ya lallaɓo ya kama nata.

"Zalisa," ta ce a hankali, amma na ji. "Ɗana Noaga ya ga Hamado a kasuwar can tun shekarar da kika fita takaba. Duk mun sani."

Mma ta juyo tana kallonta.

"Kuka yi shiru?"

"Ke kika ce ya mutu. Mutumin da ya yi abin da ya yi, ai ya mutu ɗin. Mun ci shinkafarki, mun yi masa addu'a, me ya rage?"

Shekara ashirin... Poko da ba ta iya riƙe labarin haihuwar akuya, ta riƙe wannan shekara ashirin. Mma ta kifa kanta a kafaɗar tsohuwar, ni kuma na toshe bakina da ɗankwali.

Da aka tashi babu wanda ya yi mana maganar. Mata suka riƙa zuwa suna gaishe da Mma kamar kullum, ɗaya ma ta tuna mata taron suna na jibi. Lassina ya biyo mu har gida, ya cire takalmi tun daga zaure, ya zube a gaban Mma yana ba da haƙuri da muryar da ban taɓa jin sa da ita ba. Ta bar shi ya gama. Ta ce matar cikin fim ɗin ta fi ta iya goge keke, kuma ita a nata ɓangaren ta yafe, tunda ɗan Samo ne, ba ta da yadda za ta yi da shi. Amma ta ce ba ita ta ba shi amana ba, ya je ya nemi mai amanar. Ta shige ɗaki ta bar mu a ƙarƙashin rumfa, keken na rataye a gefenmu.

Ya matso, idonsa jawur.

"Zuciyata... na gyara. Kin gani da idonki, na gyara. Ki ce min wani abu."

Allah ya sani ina son in ce na yafe. Duk jikina so yake in ce. Amma akwai wuri ɗaya a fim ɗin da Nadej ba ta taɓa ba, shi ma bai taɓa ba a gyaransa, kuma sau biyar ke nan ina kallonsa yana ci min rai. Wurin madatsar ruwa. A daidai lokacin da yarinyar ke cewa ubanta yana raye, kyamarar takan bar fuskarta ta dushe, ta koma can bayanta, kan wata mata mai rawayan zani da ke tafe tsakanin kunyoyin latas da butocin ban-ruwa biyu, rana na walƙiya a ruwan da ke zuba. Wuri ne mai kyau ƙwarai. Da a fim ɗin wani na gan shi, da na yi rabin shiri ina yabonsa.

Na sassauta murya, na yi masa tambayar kamar yadda muka saba hirar fim a kan babur.

"Matar nan mai butoci biyu... ƙirƙiro ta ka yi, ko tana wurin a ranar?"

Fuskarsa ta washe nan take.

"Tana nan! Wallahi tana nan, da rawayan zaninta, ta bayan kafaɗarki ta hagu ta ɓullo. Ranar ta faɗo daidai kan ruwan, na ce a raina in ban ɗauki wannan ba..."

Ya tsaya.

Ya ji abin da ya faɗa.

Ni a ranar ban ga mace ba, ban ga latas ba, ban ga rana ba. Fuskarsa kawai nake gani ta cikin hawaye, ina gode wa Allah da ya ba ni mai saurare. Ashe ta saman kafaɗata yake kallo.

"Rakie, ba haka nake nufi ba... Rakie, tsaya..."

"Na yi shekara biyar ina faɗa wa mutane su duba inda aka ajiye kyamara," na ce. "Ni ce ban duba ba."

Ya yi magana mai yawa bayan nan. Ya rantse, ya yi kuka, ya ce zai ƙona fim ɗin, ya ce zai bar sana'ar. Na yarda yana sona, har gobe na yarda. Amma na hango kaina a ɗakinsa, ranar naƙuda, ranar rashin lafiya, ranar da Mma za ta bar duniya, ina kuka a ƙirjinsa ina tunanin ko me yake kallo a bayana. Na ce masa kada ya ƙona komai, fim ɗin yana da kyau. Na ce ya sa takalminsa.

Da safe Kawu Tasere ya sa babbar riga, ya ɗauki goro a ƙwarya ya mayar wa dangin Pare. Bai ce min "na faɗa miki" ba. Da ya dawo ma tsire ya sayo min, ya ajiye a gabana ya wuce.

Ranar Litinin da hantsi na zauna a gaban makirfo. Na warware wa masu saurare Makokin Mai Rai tun daga farko har ƙarshe, na ce su je su kalla, musamman minti ukun keken, don an daɗe ba a ɗauki mace da mutunci haka a ƙasar nan ba. Ban rage masa komai ba. Aka buɗe layin waya, mutum na uku da ya bugo ya yi shiru, ina jin numfashinsa. Na san numfashin.

"Baiwarka ce ke magana," na so in ce, yadda na saba.

Na ce, "Malam, muna saurarenka."

Layin ya katse. Na ɗauki kira na gaba.

Ranar Juma'a na fito da safe na tarar Mma ta sauko da keken, ta kwance jan ƙyallen, tana hura wa tayoyin iska. Ta ce kasuwa za ta, ƙafafunta sun gaji da tafiya. Ta hau tana tangal-tangal, ta fita ta ƙofar gida tana kaɗa ƙararrawa, Poko na yi mata tsiya ta saman katanga.

Ni kuma na zauna a ƙarƙashin rumfar da babu komai a rataye, na yi kukana ni kaɗai, babu mai kallo.